Gwaza Sittin, Gida Ashirin da Biyu

Inna Lesieli, ki taimake ni da shawara, don a tsibirin nan babu wanda zan faɗa wa wannan magana ba ta riga ni isa gida ba. Na canza sunaye, ko da yake duk wanda ya taɓa tura baro a garinmu zai gane kansa.

Ni ne magatakardan garinmu, ɗan tsibiri ne a yankin Ha'apai mai gida ashirin da biyu, inda jirgin kaya ke zuwa sau ɗaya a wata in teku ta ga dama. Kin san halinmu. Kakanninmu doya da gwaza da kifi suka ci, mu kuwa shinkafa da fulawa da naman gwangwani. Rabin manyanmu na fama da ciwon suga. Ni kaina nas ta hana ni zuba cokali huɗu a shayi, na bi umarni na koma uku.

Farkon shekara wani shirin inganta abinci daga Nuku'alofa, babban birnin ƙasarmu, ya aiko da takarda, wai kowane gida ya dasa gwaza sittin, za a zo dubawa, garin da ya cika za a ba shi babban tankin ruwa. Na karanta a taron gari, aka tafa, aka watse aka tafi shan kava, abin shanmu na gargajiya. Wata huɗu babu wanda ya ɗaga fartanya sai mutum ɗaya, Gwaggo Melenaite, yayar mahaifina.

Ke 'yar ƙasar nan ce, ba sai na gaya miki matsayin gwaggo ba. Ita ta raɗa mini suna, ita ta raɗa wa 'ya'yana uku. Mahaifina da furfurarsa ba ya musu da ita. Kifin da na kamo, in ta kalle shi sau biyu ya zama nata. To, saboda aladun gari, Gwaggo ba a ƙasa ta dasa nata ba. A manyan gwangwanayen naman da suka rage daga jana'izar mijinta ta dasa, ta jera a kan benci.

Da labari ya zo cewa mai dubawa na tafe nan da kwana huɗu, sai ta tara mazan gari ta ce, "Tunda ba ku iya shuka ba, ai kun iya tura baro. Kowa ya haƙa rami sittin a gefen gidansa. Kai kuma ɗan ƙanena, riƙe takarda, ka rufe bakinka."

Jami'ar ta zo, wata yarinya mai ladabi, Kalolaine. Kin san baƙo ba ya shiga gida ya fita bai ci ba. Tana zaune a kan tabarma tana ci, mawaƙan coci na ciro gwangwanaye daga lambun da ta gama dubawa, su loda a baro, su zagaya ta bayan coci, su binne a gida na gaba, su rufe baki da ɓawon kwakwa. Kwana uku muna wannan aiki. A gida na tara baiwar Allah ta roƙi a bar ta ta ga lambu kawai. Gwaggo ta ce, "Haba 'yata, so kike a ce mun bar ki da yunwa? Ku ƙara mata." Abin da aka ƙara mata kuwa naman gwangwani ne da madarar kwakwa, naɗe a ganyen gwaza. Ganyen ma daga jikin sittin ɗin nan ake tsinko shi, shi ya sa kafin gida na ashirin gwazarmu ta fara sanƙo.

Da za ta hau kwalekwale ta dube ni ta ce ba ta taɓa ganin gwaza mai kama da juna irin ta garinmu ba. Na yi dariya, na rubuta dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin, na sa hannu. Tanki ya iso, muka yi biki.

Makon jiya takarda ta biyu ta zo daga mutanen shirin. Suna taya mu murna. Wai tunda yanzu muna ciyar da kanmu, an cire sunanmu daga jerin tsibiran da ake kai wa shinkafar ajiya kafin lokacin guguwa, za a ba waɗanda suka fi mu buƙata. Wai kuma nan da mako shida za su zo su ɗebi iri a wurinmu su raba wa maƙwabta. Ranar da na karanta takardar, a ranar aladen fasto ya ture bencin Gwaggo. Saura gwaza goma sha tara.

Inna, ina ba ki labarin kamar wasa, amma tsoro nake ji. Guguwar shekaru biyu da suka wuce, mako bakwai jirgi bai zo ba. Shinkafar ajiyar nan ce ta riƙe mu, da ta ƙare muka koma kwakwa safe da rana, har autata ta daina tambayar abinci, ta koma zama shiru a bakin ƙofa. Wata uku ya rage lokacin ya sake zagayowa.

Na je wurin Gwaggo, na zauna a ƙasa daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata, na fara kewaye-kewaye. Ta katse ni ta tambayi wanda ya sa hannu a takarda. Na ce ni ne. Ta ce, "To ni a ina na sa nawa?" Sannan ta aike ni in fasa mata kwakwa. Na fasa.

In na faɗi gaskiya na kunyata gwaggona a idon ƙasa, abin da babu wanda ya taɓa yi a danginmu. In na yi shiru, 'ya'yan gida ashirin da biyu za su shiga guguwa da gwaza goma sha tara masu sanƙo. Matata ta ce in ban rubuta wa mutanen shirin ba, ita za ta rubuta. Yaya zan yi?

Mai Riƙe Takarda, daga Ha'apai

Ɗana Mai Riƙe Takarda,

Na yi dariya har sai da na cire tabarau, sannan na kai wurin autarka na daina.

Bari in fara da kare Gwaggo, tunda kai ka kasa yi mata adalci don tsoro. A garinku kaf ita kaɗai ta yi abin da aka ce. Ta yi shuka, ta yi dabarar kare ta daga aladu. Laifinta shi ne ta rufa wa ragwaye asiri, kuma ba ƙaramin laifi ba ne. Amma tambayar da ta yi maka gaskiya ce. Hannunka ne a takardar, don haka gyaran ma naka ne.

Ka rubuta wa Kalolaine yau, kada ka jira matarka. Layi biyar sun isa. Ka ce adadin da ka sa wa hannu ba gaskiya ba ne, ga ainihin abin da ke ƙasa, kana roƙon a mayar da garinku cikin jerin shinkafar ajiya. Sunan Gwaggo ba shi da wurin zama a wannan wasiƙa, ba kuma ƙarya ka yi ba in ka bar shi. Watakila su ce ku dawo da tanki, watakila a sauke ka daga magatakarda. Duka biyun ba su kai yarinya mai zama shiru a bakin ƙofa nauyi ba.

Ina kuma zargin ba za ka ba ta mamaki ba. Wadda ta karanci noma, ta ga gwaza ɗaya sau ashirin da biyu tana raguwa da ganye, har ta yaba maka kamanninsu, ba na jin an ruɗe ta. Mai yiwuwa wannan zuwa ɗibar iri hanyarta ce ta ba ka dama ka yi magana da kanka. Zargi ne kawai, kada ka jingina cikin 'ya'yanka da shi.

Sai Gwaggo. Kuskurenka shi ne ka je mata da ƙorafi. Ka koma da kifi mafi girma da ka kamo, ka zauna inda ka saba, ka sanar da ita ka rubuta wasiƙa da sunanka, don kada ta ji a bakin wani. Sannan ka roƙe ta abu ɗaya, ta sake tara mazan nan. Matar da ta sa su haƙa rami dubu da ɗari uku a kwana huɗu, ita ce kaɗai za ta iya sa su cika ramukan. Ramukan ma suna nan, an gama rabin aikin.

Gwaza ba za ta nuna kafin guguwa ba, tana son wata bakwai ko fiye. Ku nemi irin dankali daga tsibirin da ke kusa, shi wata uku zuwa huɗu ne, kuma yana kwance a ƙasa, iska ba ta cika yi masa illa ba. Goma sha taran ku bar su su huta, su zama iri. A killace aladu, har da na fasto. Wannan saƙon ma Gwaggo za ta kai.

Ka rage cokali ɗaya a shayin nan, ka gaishe mini da matarka, tana da gaskiya. Allah ya kawo muku jirgi a kan lokaci, ranar da bai zo ba kuma ya sa autarka ta tambayi abinci a zuba mata.

Inna Lesieli