Kujerar Baya

Litinin, 12 ga Maris, 1962

Yau aka turo ta. Samarin unguwa ne suka turo ta tun daga tashar Maƙarfi har ƙofar gida, Sama'ila na gefe yana riƙe da sitiyari ta taga. A nan dai zan iya rubuta sunansa, babu mai ji. Na leƙa ta tsagar ƙyauren zaure. Koriya ce, ko in ce dā koriya ce. Motar wani Baturen gona da ya koma ƙasarsu, injin ya mutu, aka sayar da ita da araha.

Da ya shigo cin tuwo ya ce, "Hussaina, a cikinta za ki je ganin gida. Washegarin Babbar Sallah a Paki za ki kwana." Na sunkuyar da kai. Tun da aka kawo ni ban ga Inna ba, shekara ta kusa zagayowa. Dā an shirya in bi motar kasuwa tare da Iya Fatsuma, mahaifiyarsa, amma ya ce matar direba ba ta hawa bayan lori tare da awaki.

A littafin da nake karantawa haka aka kai yarinyar garinsu, tana kujerar baya, yara na bin motar da gudu. Na maimaita shafin.

Alhamis, 22 ga Maris

Ya tafi da lorin auduga tun Talata. Iya ta tafi barka. Ni da kaji.

Lahadi, 25 ga Maris

Ya dawo da wani bakanike, Elias, mutumin kudu, yana da gareji a Kudan. Tun hantsi suke rumfar ƙofar gida. Muryoyinsu kawai nake ji da ƙarar sifana. Elias na da dariya mai ƙarfi. Na ji yana cewa, "Malam Sama'ila, wannan ba mota ka saya ba, kishirwa ka saya." Shi kuma ya ce masa ya rufe baki ya miƙo guduma.

Ya aiko a ba shi kwano a wanke kayan inji da kananzir. Mai furen nan ja aka ɗauka, na saman jerena.

Laraba, 4 ga Afrilu

Yau ya zauna da ni, ya daɗe. Amma zancen inji ne. Ya ɗauki goro uku ya jera a tabarma.

Na fari, inji babba ne a Sabon Garin Zariya, daga wata mota da ta yi hatsari. Yana da gudu, yana da ƙarfi, kuɗinsa ya fi ƙarfinsa. Na biyu, injin wata tsohuwar a-kori-kura, yana da araha, ba ya gajiya, sai dai ba ya gudu. Na uku, a gyara nata na asali: a sa sabbin ringi, a ɗan sassaƙe kan injin, a ƙara masa kafireta ta biyu, wato abin da ke shayar da shi mai. Ya ce wannan shi ne gudun talaka.

Ya ce, "To uwargida, wanne kika zaɓa?"

Na biyu nake so. Wanda ba ya gajiya, ya kai ni Paki ko da tafiyar jaki yake yi. Sai na ji bakina na cewa, "Duk wanda ka ga ya fi."

Ya ɗauki na ukun ya ɓare, ya ba ni rabi.

Asabar, 7 ga Afrilu

Iya ce ta gaya mini dalilin gudun. Wai Maiwada, abokinsa na tasha, yana da ƙaramar mota, kullum yana tsokanarsa cewa shi direban katantanwa ne. Iya ta ce tun suna yara haka suke, in ɗaya ya hau giginya sai ɗayan ya hau wadda ta fi ta tsawo.

Zafi ya yi yawa. Na gama littafin, na koma farkonsa. Mai tallar littattafai bai zo kasuwa ba wannan makon.

Talata, 17 ga Afrilu

Na yi mafarkin Inna tana daka ita kaɗai.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Motar ta tashi. Da la'asar ina tankaɗe sai na ji wata irin ƙara, kaji suka watse, Iya ta yi salati ta zubar da butarta. Na ji yana ihu a waje kamar yaro. Na shiga ɗaki na fito da atamfar da zan sa, na sake ninke ta.

Da ya shigo fuskarsa duk baƙin mai. Na zuba masa ruwa. Ya ce, "Kin ji ta?" Na ce duk Maƙarfi ta ji ta.

Juma'a, 27 ga Afrilu

Sun gwada ta a hanyar Kudan shi da Elias. Da ya dawo bai gama tuwonsa ba. Wai tana tashi da kyau amma a hawa tana nauyi. Elias ya ce masa ƙaramin inji iyakarsa ke nan, in yana son gudu sai dai ya rage mata kaya.

Litinin, 30 ga Afrilu

Ina shara sai ga su sun shigo da kujera, ɗaya ya kama nan ɗaya ya kama can. Kujerar baya. Elias ya tsaya a bakin zaure ya gaishe ni, "Sannu da gida, amarya," sannan ya koma. Sama'ila ne ya ja ta har ƙofar ɗakina. Ya ce, "Ga shi, kin samu wurin karatu irin na matan Turawa."

Sun cire tayar ajiya ma, da ƙarfen baya.

Na zauna a kanta bayan ya fita. Fatar ta tsattsage amma tana da laushi. Sai da na daɗe a zaune kafin abin ya zo mini. In wannan tana nan, ni a ina?

Laraba, 2 ga Mayu

Na tambaye shi. Ban san inda na samu bakin ba. Ya yi dariya ya ce, "Gaba mana, kusa da ni."

Iya na tsakar gida tana kaɗi, ta ji. Ko mazarin ba ta ajiye ba. Ta ce, "Kafaɗa da kafaɗa, ta tsakiyar kasuwa? Ka kuma tsaya da ita haka a ƙofar surukinka? Ni kuma da zan raka ta, a kan bonet za ka ɗaure ni?"

Ya ce, "Iya, zamani ya canja." Ta ce zamanin bai iso gidan nan ba tukuna.

Gaskiya ko Iya ba ta hana ba, ba zan iya ba. Na yi ƙoƙarin ganin kaina haka, Baba na zaune a kan dakali da abokansa, ni ina fitowa daga gefen mijina. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. A littafi abin ba ya da wuya.

Na ce masa a mayar da kujerar na rana ɗaya. Ya ce ƙusoshin sun yi tsatsa sai da aka yanke su, mayarwa aikin walda ne a Zariya. Ya ce bayan Sallah.

Alhamis, 10 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka. Ya fita da gudu da tamfol ya rufe motar. Kujerar ni na ja ta ciki.

Ya ba ni sabon littafi daga Zariya, da sabon kwano, mai shuɗin fure. Ya san ya yi wani abu, amma bai san mene ne ba. Na yi godiya.

Lahadi, 13 ga Mayu

Sun sa ranar tsere da Maiwada, washegarin Sallah, daga tasha zuwa Zariya. Ranar da ya ce mini zan kwana a Paki. Bai tuna ba, ko ya tuna ya ga ai babu kujera.

Na je wurin Iya na durƙusa na ce mu bi motar kasuwa kamar yadda aka shirya dā. Ta dube ni ta daɗe. Ta ce, "Je ki ɗaure kayanki, 'yar nan." Da ta gaya masa ya ce in jira mako biyu kawai. Na ce Inna ta daɗe tana jira. Wannan ne karo na farko da na mayar masa da magana.

Laraba, 16 ga Mayu

Paki. Mun zo a bayan lori, a kan buhunan mazarƙwaila, da awakin da ya faɗa. Ƙafata ta yi sanyi, atamfar ta ɓaci.

Muna jiran lorin ya cika a tasha suka tashi, shi da Maiwada. Mutane sun taru kamar ana dambe. Na ji muryar motarsa kafin in gan ta, ta wuce kamar walƙiya, Elias a gefensa yana riƙe da hula. Wata mata kusa da ni ta ce, "Wannan kuma ɗan waye da bai son ransa?" Iya ta kawar da kai.

Inna ta rame. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta yi ta kallo. Ta dafa mini miyar kuka da wake irin nata.

Talata, 22 ga Mayu

Iya ta koma jiya. Ta ce zai zo ɗaukata da kansa in an gama waldar. An ce ya riga Maiwada isa Zariya, amma wani abu ya ƙone a injin, suna Kudan suna buɗe shi. Na yi masa murna. Ina ganin na yi.

Inna ta tambaye ni yaushe zan koma. Na ce sai an zo.

Na manta sabon littafin a Maƙarfi, sai yau na lura. Muna shukar dawa a bayan gida, ni ke bin Inna ina rufe ramin da diddige.

Ɗazu da azahar an ji ƙarar ƙaramar mota daga hanyar Ikara, ta rage gudu wajen masallaci. Inna ta ce in leƙa in gani. Ban tashi ba. Ina tsintar wake ne, kuma in na ajiye faifan kaji za su hau.