Sun Ce Umma Ta Cika Dariya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya sa albarka a zamanku can. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma aiki, Auta kuma ya ci jarrabawarsa.

Yaya, takaici ne ya sa na ɗauki biro. Kin san ƙungiyar marubutan nan da nake zuwa in na rufe shagon walda, a saman kantin littattafai. Masu digiri su kewaye tebur a kan kujeru, irinmu da muka koyi karatu a tsofaffin jaridu mu jingina da bango. Za su fitar da littafi, na kai labarin Umma da shararta a asibiti. Dokarsu kuwa, in ana tattauna labarinka ba ka cewa uffan. Haka na tsaya kamar gunki suna yanka uwarmu suna rabawa. Wani lauya ya ce matar ta cika barkwanci, talauci bai fito ba. Wata da direba ke jiranta a ƙasa ta ce mai shara ba ta iya magana haka. Wallahi, Yaya, ban ga alamar ta taɓa gaida mai shara ba! Na buɗe baki, shugaban ya ɗaga min yatsa yana murmushi, wai doka. Da lokacina ya zo, sai aka ce lokaci ya ƙure, aka shiga ɗaukar hoto.

A matakala shugaban ya dafa ni, ya ce za a buga in na sa ta kuka, ko ta yi roƙo, ko ɗanta ya mutu. Wane ɗan, ni ko Auta? Kin san yadda nake mafarkin ganin rubutuna a littafi, har na koma gida ina saƙe-saƙe. Na faɗa wa Umma, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in gaya musu in hawaye suke so su zo su kama tsintsiya, ita ta zauna a teburinsu. Na janye labarina, ko harafi ban taɓa ba.

Ki gaida maigidan, da Goggo, da 'yata sarkin ƙiriniya. Umma da Auta suna gaishe ki.

Ƙaninki mai bakin nan,
Mai walda