Jan Zare a Ƙyallen Tace Ruwa

Ambursa,
Jihar Sakkwato.
18 ga Mayu, 1987.

Zuwa ga yayana Kalilu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Laure da yara. Yaya Argungu, yaya koyarwa? Mu nan lafiya lau, sai kewarku.

Albishirinka, Yaya. Ba za a sayar da fadamar Baba ba.

Ka san tun da jami'a ta ba ni gurbin karatun ilimin kiwon lafiya, Baba ya kafe sai ya sayar da ita ya biya mini. Ni kuwa ko abinci ya daina yi mini daɗi. In yi digiri, tsohon nan ya koma ƙwadago a gonar wani?

Ka tuna ƙyallen tace ruwa da aka raba saboda kurkunu? Matan unguwarmu suna tacewa, amma washegari sai su juya ƙyallen, duk abin da ya tare jiya ya koma randa. Na yi magana har na gaji. Sai na bi gida-gida da allura, na ɗinka jan zare a fuskar da za ta riƙa kallon sama. Inna Ma'u maƙwabciyarmu har tsiya take mini, wai na zama tela ba keke.

Ashe Malam Abdussamadu, duba-garin da ke zuwa daga Birnin Kebbi, ya gani, ya tambaya, aka nuna ni. Shi ya buɗe mini wata hanya: ƙaramar hukuma ta ɗauke ni aiki, ta tura ni makarantar koyon aikin lafiya da albashina, in dawo in yi mata aiki, sannan ta sake ni in tafi digirin. Shekaranjiya takardar ɗauka ta fito.

Hanyar ta fi tsawo, ba zan ɓoye maka ba. Ƙawayena za su riga ni gamawa, kuma ranar da na rubuta wa jami'a na haƙura, sai da na yi kuka. Amma yanzu zuciyata fes.

Baba ya yi fushi, wai na raina ƙarfinsa. Yau da safe kuma sai na ji shi a zaure yana tambayar inda zai samu irin shinkafa. Ashe bana bai ajiye iri ba ko mudu ɗaya, don tun kaka ya sallama gonar a ransa saboda ni, bai gaya wa kowa ba.

Don Allah ka aiko masa da iri mai kyau kafin ruwa ya zauna.

A gaida Laure, a shafa mini kan yara.

Ƙanwarka,
Riskuwa.