Ɗakin da Ba Shi da Rufi

Ya Ramlatu, sanyin idona, ruwan randata a zafin Makka, inuwar da nake nema da tsakar rana, gaisuwa mai tarin yawa daga Jidda!

Albishirinki, na koyi Turanci! Kalma biyu ce tak, amma kada ki raina. Baturen da nake tuƙa wa mota yana da wata magana da ba ta barin bakinsa: ofin eya. Ma'anarta buɗaɗɗiyar iska, wato duk inda babu rufi tsakanin mutum da sama. Shi da matarsa sukan bar gida mai fanka, su kinkimi kwando zuwa bakin bahar su ci abinci a ofin eya, ƙudaje na taya su. In ɗansu ya yi tari, ofin eya. In ran maigida ya ɓaci, ofin eya. Ashe abin da mu 'yan unguwar Misfala ta Makka muke kwana a ciki tun muna yara magani ne, ba mu sani ba!

Kin tuna Arfar bara, da iska ta tumɓuke tantinku ta yi gaba da shi? Kowa na salati, ke kuwa kina rungume da butar shayi kina ta dariya, mayafinki na neman bin tantin. Na rugo in kama igiya, igiya ta kuɓuce, zuciyata ta bi ta. Tun ranar ina barci? Ina cin abinci? Wayyo Ramlatu!

To, ga abin da ke cina. Mahaifinki, Baba Idris, ya ce ba zai ba ni ke ba sai ya ga ɗaki, kuma Juma'ar nan zai zo dubawa. Na kama saman benen Mahmudu mai gahawa, na ja bango huɗu, na sa ƙofa, har randa na kafa. Rufi ne babu, katakon yana cikin jirgin da bai iso ba. In Baba ya ɗaga kai ya juya, ɗan baffanki na unguwar Jarwal yana nan yana jira da rufaffen ɗakinsa, ni kuwa wallahi ba zan iya gani ba.

Don Allah, hasken raina, ki shiga wurin Inna kafin Juma'a. Baba ba zai saurari Turancina ba, amma maganar Inna yana ji. Ki tuna mata ke ce kika yi dariya ran da tanti ya tashi, rashin rufi ba ya tsorata ki.

Rufi zai zo, na yi miki alkawari. Kafin ya zo, duk gefen da rana ta ɓullo, nan zan tsaya in yi miki inuwa.

Naki har ƙarshen numfashi,
Rabi'u