Kwana tara babu waya

Juma'a da dare, watan Yuni, unguwar Karama

Cinyoyina har yanzu ciwo suke. Tun asuba muka tafi wata gona a garin Hatta koyon hawan doki, kafin rana ta buɗe. Mai koya mana sai cewa yake, "Shwaiya, shwaiya," wato a hankali, "daina jan linzamin." Ban faɗo ba, ban kuma ji wani daɗi ba.

Mu shida za mu Mongoliya yawo a kan dawaki, duk daga asibitin da muke aiki. A mota Maryam, ɗaya daga cikinmu, ta karanto saƙon jagoran tafiyar: jaka ɗaya, rigar sanyi mai kauri, sannan kwana tara a daji babu sabis ko kaɗan. Kowa ya hau murna. Ni Baba ne ya faɗo mini a rai, da wankin ƙodar da ake masa sau biyu a sati.

Bayan isha'i na kira Umma, na ce ina jin zan fasa.

"Saboda me?"

"In wani abu ya faru ba za ku same ni ba."

Na ji ta tashi ta turo ƙofa. "Jidda, shekara huɗu kina kira kullum, kin rage masa ciwon? Ba wayarki ce ke riƙe da shi ba. Je ki hau dokinki. In ta Allah ta kasance, kya ji in kin fito."

Na ce to. Ban yi kuka ba, ban san dalili ba.

Na cike fom ɗin tafiyar da ya rage. Inda suka tambayi wanda za a kira in wani abu ya same ni, na rubuta sunanta.