Yatsu Biyu a Kan Faifai

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da na saba, a durƙushe a bakin ƙofa, ko da yake na san wannan takarda ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Da ma can kai ba mai son karatun wasiƙa ba ne, sai ka miƙo mini ka ce in karanta maka, kai kuwa kana ta naɗe wayar lasifika. Yau ni ne mai rubutawa, ni ne kuma mai karantawa. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Mutanen gida duk lafiya. Geron gonarka ta hanyar Gagarawa ya yi kyau bana, wake ne kawai tsutsa ta yi wa ɓarna. 'Yarka Hadiza ta sauka lafiya, namiji, mijinta ya yi mana kara ya sa sunanka, muna kiransa Abba. Kunnuwansa irin naka ne, fala-fala. Inna tana nan tana fama da gwiwarta, sai dai tun da ka tafi ta daina 'yan waƙoƙin nan da take yi in tana tankaɗe. Amininka Malam Mati na Maigatari har yanzu yakan biyo ya zauna a zaure, ya yi ta zuba, rabi Hausa rabi Faransanci, amma yanzu babu mai tsokanarsa.

Baba, maganar garmahonka guda biyu nake so mu yi, waɗanda ka sayo a Damagaram tun ban yi wayo ba. Suna nan daram, allurarsu kawai na sauya. Faya-fayan ne zafin bazara ya lanƙwasa mafi yawansu a ɗakin kwano, kuma waƙoƙin da yaran yanzu suke rawa da su ba a taɓa buga su a faifai ba. Ka san wannan ne ya sa na koma kwamfuta tun kana raye, har ka raɗa mini Ɗan Danna-danna, kana cewa kiɗan da ba a taɓa shi da hannu ba kiɗa ba ne, aikin ofis ne. Ina dariya a lokacin, amma maganar tana cina.

An buɗe wani sabon wurin shaƙatawa a nan Gumel, mai babban ɗakin taro. Ma'aikata da matasa suna cika shi da yammacin ƙarshen mako, ana kuma liyafar biki a ciki. Mai wurin yana neman mai sa kiɗa na dindindin, ni kuwa na ƙudura in dai zan hau dandamalin nan to da garmahonka zan hau.

Ashe akwai hanya, kuma da ka ganta da ka ce tsafi ne. Akwai wani faifai da babu waƙa a cikinsa, sai wani siririn fito. Allura na karanta fiton, wani ɗan akwati ya kai wa kwamfuta, ita kuma manhajar da ke ciki ta gane ko gaba ka tura faifan, ko baya, ko ka tsayar da shi. Sai ta sa waƙar ta bi hannunka. Kenan waƙar tana cikin kwamfuta, amma linzaminta yana kan garmahonka. Matsalar ita ce manhajojin suna da yawa, kowace da halinta, kamar surukai.

Na fara da wadda kowa yake yabo a Kano. Kyakkyawa ce, ba ƙarya, sai launuka ke gudu a fuskarta. Amma takan so ta leƙa intanet lokaci-lokaci ta tabbatar kai ne mai ita. Ka san halin Sule Tankarkar, inda waya ke kwana a Najeriya ta tashi a Nijar. Can a wani biki ta ƙi buɗewa, na ƙare bikin da kiɗan waya. Na gwada wata, ita kuma nauyi gare ta, tsohuwar kwamfutata ta yi zafi ta sandare ana tsakiyar rawa a wani biki a Gagarawa. Na ruɗe na murɗa abin da bai kamata ba, sai fiton nan tsirara ya fito ta lasifika. Baba, da ka ga wurin! Yara sun toshe kunnuwa, awaki suna neman tsinke igiya, wata gwaggon ango tana ta salati tana cewa a yi wa kayan tofi. Ka yi dariya, na yarda, ni ma yanzu ina yi. A ranar dai kunya ta kusa kashe ni.

Labarin ya riga ni isowa Gumel. Mai wurin ya kira ni ya ce zai ba ni dama in gwada ranar Asabar, amma gara in bar tsofaffin kayan nan a gida in zo da ɗan akwati mai maɓallai kamar kowa. Kawu ma ya fara maganar wani mai gyaran rediyo da yake son sassan jikinsu. Sassan jikinsu, Baba! A farke su kamar ragon layya?

Na zauna na tambayi kaina, me nake nema ne a jikin garmahon nan da maɓalli ba zai ba ni ba? Sai na tuna magariba. Duk mai sa kiɗa a ƙasar nan yana tsayawa in an kira salla, amma sauran kashewa suke yi, ɗif. Kai kuwa da ladan ya ɗaga murya sai ka ɗora yatsu biyu a gefen faifai, ka riƙa danne shi a hankali, waƙar ta yi ƙasa, ta yi nauyi, ta kwanta. Ka riƙe shi a haka, faranti na juyawa a ƙarƙashinsa, leɓenka na amsa kiran salla, sai ladan ya gama sannan ka ɗaga allura mu tafi alwala. Ka sha gaya mini ba a toshe wa mawaƙi baki, kwantar da shi ake yi. Daga nesa mutane suke gane kai ne a wurin biki saboda wannan tsayawar.

Da wannan na auna manhajojin duka. Waɗancan biyun suna bin hannu in ana gudu, amma da zarar na rage sosai, a tsohuwar kwamfutata, sai waƙar ta fara tuntuɓe tana tsalle. Akwai wata da na raina tun farko saboda kyauta ce kuma ba ta da ado, fuskarta kamar allon makarantar firamare. Ba ruwanta da intanet, ba ta kuma takura kwamfutar.

Ranar da zan gwada ta, da hantsi ne, a ɗakinka. Ina neman abin da zan ɗora sai na ci karo da sautin bikin Hadiza, inda ka karɓi makirifo a ƙarshe kana yi wa jama'a godiya da sallama. Ban yi tunani ba na ɗora. Na saki faifan, sai ga muryarka ta cika ɗakin, har da ɗan tarin nan naka. Na ja baya, ka dawo. Na tura gaba, ka ci gaba. Na ɗaga kai na ga Inna a bakin ƙofa, rariya a hannunta, gari na zuba a ƙafarta ba ta sani ba.

Ka san ba mu yi sallama ba. Ina Maigatari ina ɗaura lasifika aka bugo mini waya aka ce ka faɗi a hanyar gona. Da safe mun rabu kana yi mini tsiya, kafin azahar an gama. Ban ja da hukuncin Allah ba, amma abin ya tsaya mini a rai, yadda aka yanke ɗif. Ban taɓa gaya maka ba cewa duk lokacin da kake kiɗa ba jama'a nake kallo ba, hannunka nake kallo. Me ya hana ni faɗa? Ina tsoron ka ce na fara zama ɗan boko mai daɗin baki?

Da ka zo kan addu'ar Allah Ya kai kowa gidansa lafiya, sai na ɗora yatsu biyu. Na danne a hankali. Muryarka ba ta yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya. Ta yi ƙasa, ta yi nauyi kamar ta mai jin barci, ta kwanta a ƙarƙashin yatsuna. Na riƙe ka a haka ina kuka, Inna tana cewa amin, har hannuna ya gaji. Sannan na ɗaga allurar.

Ita na zaɓa. Ranar Asabar na ɗora garmahonka a Keke Napep na kai su wurin, mai wurin yana harararsu. Malam Mati ya zo ya zauna can baya. Da ladan ya kira magariba na kwantar da waƙar, sai na hango shi ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Da muka fito daga masallaci sai mai wurin ya sa aka kawo babban tebur mai ƙarfi, ya ce wanda na ɗora su a kai yana rawa, kada allurar ta yi tsalle mako mai zuwa.

Sai da safe, Baba. Na kwantar da kai yadda ka koya mini. Allah Ya sada mu a Aljanna.

Ɗanka Habu,
wanda ya daina danna-danna.