Ƙwan da Kallabi Ya Rina

Mardiyya,

Na bi motar asuba zuwa Gusau wajen tantance malamai. Ban tashe ki ba, tunda zazzaɓin bai sake ki ba.

Jiya kin yi mini dariya da ƙwai suka farfashe mini a tukunya. To, buɗe kwanon nan ki gani, ko ɗaya bai tsage ba! Da ruwan sanyi na aza, na rage wuta, na shimfiɗa ƙyalle a ciki don kada su yi ta karo.

Sai dai ki yi haƙuri, a duhu na jawo ƙyallen, ashe kallabinki ne na Sallah. Ki ci abinki, kada launin ya tsorata ki. Sun yi shuɗi, amma dai ba su fashe ba.

Na'ibi